Takin da Labo Ya Sa wa Ciyawar Ruwa

Da rariyar shayi Labo yake kwashe su, yana zubawa a murfin kwano. Jatan lande ne, ƴan mitsi-mitsi jajaye, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Jiya suna ta yawo cikin akwatin gilashin ƙanensa Garzali, suna tsince-tsince kamar mata a masussuka. Yau duk sun kwanta ta gefe, sun yi fari.

Garzali ma'aikacin buro ne, wato ofis, a Gidan Rumji, Allah ya jarrabe shi da noma cikin ruwa. Baƙar ƙasa ya sa aka kawo masa tun daga Yamai, ƴan dunƙule kamar kashin ɓera, ya shimfiɗa a gindin akwatin. Ciyawa mai dogon kara yake dasawa ciki, kore da ja. In ta yi tsawo ya yanke kan da almakashi, ya sake soka shi cikin ƙasar da hantsaki, ya ja kujera ya zauna yana kallo. Ba a miya da ita, akuya ba ta ci. Ya daɗe yana wannan fama kafin ƴan jatan landen su yarda su hayayyafa.

Da zai tafi taro Maraɗi, matarsa Ummuhani ya bar wa amana: abinci ɗan kaɗan da safe, ta kunna fitila, kada ta ƙara komai. Labo, yayansa da ya zo hutu daga Gangara bayan girbi, yana zaune aka yi maganar. Shi da ya tsufa a gona, ko kallonsa ba a yi ba.

Ya leƙa ya ga ganyen ƙasa-ƙasa ya yi rawaya. Yunwa ce, gero ma haka yake yi. Ga shi da takin zamani da ya saya a kasuwa don albasarsa. Jiya bayan azahar, gida shiru, ya tura yatsa gindin kowace ciyawa ya binne mata ƴan ƙwayoyi. Har da bismilla. Ya so yaron ya dawo ya ga aikin manya.

To, yaron ya dawo, kafin ma Labo ya san inda zai ɓoye murfin kwanon.

Garzali ya yi sallama, ya gaida Yaya, ya dubi murfin, ya dubi ruwan da ya gurɓace kamar wankin shinkafa. Jakarsa ta sulale ƙasa.

"Ummuhani!"

Ta fito da muciya a hannu.

"Mi kika zuba musu?"

"Abin da ka ce."

"Abin da na ce ne ya kashe su? Tuwo kika tuƙa musu? Abu ɗaya na roƙe ki, ɗaya tak! Dama tun farko ba ki son su, cewa kike sun fi ki gata a gidan nan."

"Wasa nike, wallahi."

"Ga wasan nan a murfin kwano."

Ta share ido da bakin gyale, ta koma madafa. Labo yana tsaye da rariya tana ɗiga a kan ƙafarsa. Ya buɗe baki, sai ya ji tari ya fi sauƙin fitowa, ya yi tarin.

Garzali ya durƙusa ya fara tuge ciyawar a hankali, ko za a ceci wani abu. Yana ɗaga wata ja, sai ga ƙwaya fara a maƙale cikin saiwa, ba ta gama narkewa ba. Ya murza ta a yatsa. Ɗan manomi ne, ba sai an gaya masa ba. Ya daɗe yana kallon yatsan, sannan ya goge a wando.

"Garzali," in ji Labo, "abin nan, ni ne na..."

"Wuta ce, Yaya. An ɗauke wuta, injin hura iska ya tsaya, iska ta ƙare musu."

"Ba a ɗauke ba."

"An ɗauke, Yaya. Je ka huta abinka."

Garzali ko kai bai ɗaga ba. Wannan yayan ne ya sayar da tunkiya ya sa shi lakol ya yi boko, ina zai iya kallon idonsa ya ce ka yi mini ɓarna? Madafar kuma bai nufa ba. In ya ba matar haƙuri, ai ya faɗi mai laifin.

Labo ya yi ta zaga tsakar gida kamar mai neman buta. Daga ƙarshe ya tsaya bakin madafa, inda bai taɓa tsayawa ba, ya yi gyaran murya. Ummuhani ta rusuna, idonta ja, kanta ƙasa.

"Ɗiyata, faɗan da aka yi miki, ba naki ba ne. Ni na sa musu taki."

"Na sani, Yaya."

"Kin sani?"

"Ina bakin ƙofa kana sawa. Na ce a raina, Yaya ya fi mu sanin shuka." Ta gyara itace a murhu. "A dama maka fura, ko za ka jira tuwo?"

Labo ya ce ya ƙoshi. Ya je ya tsuguna kusa da ƙanensa, ya ɗauki ciyawa ɗaya ya fara wanke mata saiwa. Garzali ya matsa masa wuri.