Bayan Alhusaini

Tun da aka rufe mahaƙar yuraniyam ta Akokan, kusa da Arlit, Ghissa ba ya da aiki sai tausa. Shekara goma sha tara ya yi yana tura keken marasa lafiya a asibitin mahaƙar, a nan hannunsa ya koyi matsa baya har ya yi ƙas. Ya kuma san abin da ke kawo ƙarar. Akwai ruwa a cikin kowace gaɓa, in an ja ta da sauri sai kumfa ta fito cikin ruwan, shi ke nan fa. Amma je ka gaya wa mutanen Arlit haka! Su dai ƙashi ne ya goce ya koma wurinsa, ba ka isa ka canja musu ba.

Alhusaini ma haka ya ɗauka. Mutumin Damagaram ne, abokin Ghissa tun zamanin da shi Alhusainin yake jan kamiyo, babbar motar kaya. Duk Talata da hantsi Ghissa kan je ya matsa masa baya, Alhusaini ya miƙe yana dariya. To, makon jiya aka ɗauki hoton bayan a asibiti, lokotoro, wato likita, ya ja Ghissa da Siddiƙa, matar Alhusaini, gefe guda. Ciwo ya cinye ƙashin, ya ce, kada wanda ya ƙara danna shi, karyewa zai yi. Aikin tiyata sai Yamai. Ina mai wannan baya zai iya kwana biyu a hanyar Tawa, ramuka bisa ramuka?

Ranar Talata Ghissa ya shigo da niyyar faɗin gaskiya. Ya tarar Alhusaini ya riga ya kwanta rub da ciki a tabarma, ya tuɓe riga.

"Ka makara, Buzu," in ji shi. "Danna mini. In na ji ƙarar nan, yau ma zan ci tuwo."

"Alhusaini, akwai magana..."

"Maganar me? Kai da lokotoro duk kun maida ni gawa. Ka danna, don girman Allah."

Ghissa ya durƙusa. Haƙarƙarin mutumin duk a waje suke, tausayi ya kama shi. In ya danna, ya karya abokinsa. In ya ƙi, ya ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana sa shi cin abinci. Ya ɗora tafin hannu a gadon bayan, a hankali kamar mai taɓa ƙwai, ya haɗa yatsunsa bisa, ya lanƙwasa su, ba tare da ya danna bayan ba. Ƙas, ƙas, ƙas.

"Alhamdu lillahi!" Alhusaini ya sauke numfashi. "Ka ji ya koma? Saura ƙasa, wajen ƙugu. Nan ne ke hana ni barci."

Ghissa ya sake lanƙwasa yatsun. Shiru. Ya murɗa babban yatsa, ya ja ƙaramin, ko ɗaya bai amsa ba. Gaɓar da ta yi ƙara ba ta sakewa sai ta huta kusan minti ashirin, ya sani sarai, amma ya ci gaba da ja, zufa na zuba a idonsa.

"Yaya dai? Ya ƙi?" in ji Alhusaini. "Ghissa, in ya ƙi komawa ka faɗa mini."

Ghissa ya buɗe baki. To, ya ce a ransa, lokaci ya yi.

Sai ƙas, daga bayansa.

Siddiƙa ce durƙushe kusa da ƙafafun mijinta, yatsunta a lanƙwashe cikin zane. Bai ma ji shigowarta ba. Ta kafe shi da ido, ta girgiza kai sau ɗaya.

"Yauwa, hannunka da albarka, Buzu," in ji Alhusaini, fuskarsa cikin matashi. "Siddiƙa! Zubo mini tuwo."

Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Malam Ghissa," ta ce, "ba Talata kaɗai ba. Daga yau kullum za ka zo."