Harafi Ɗaya a Jinin Yazeed

Adiza mai wake da shinkafa a unguwar Tishigu ko tukunya ba ta rufe ba ranar da ciwon ya sake kayar da ɗanta Yazeed. Ta tarar da shi ya dunƙule a tabarma yana cizon hannunsa don kada ƙannensa su ji kuka. Ta goya shi, ƙaton yaro, ƙafafunsa na reto, ta tare babur sai asibiti.

Likita ta ce sikila ce ta motsa, jininsa ya yi ƙasa, sai an ƙara masa. Adiza ta kira yayanta Abdul-Mumuni, malamin kimiyya a unguwar Dabokpa. Yana isowa ta cafke rigarsa.

"Yaya, kai ka yi boko. Me ke cinye mini yaro? Na sha rubutu, na yi sadaka!"

Ya zaunar da ita a benci. Ya ce a cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai rubutu, ƙwayar tana karanta shi haruffa uku-uku, tana harhaɗa abin da aka umurce ta, har ta gina furotin mai ɗaukar iska a jini. A na Yazeed harafi ɗaya ne ya sauya, shi ya sa ƙwayoyin jininsa ke lanƙwashewa kamar lauje, su toshe hanya.

"Ɗaya tak? To a goge mana! A gyara!"

"Ba a wuri ɗaya yake ba, Adiza. Yana ko'ina a jikinsa. Daga gare ki ya samo, da kuma babansa."

Ta sake shi, ta ɗora hannu a ka.

Abdul-Mumuni ya shiga don ya ba da jini, aka gwada, aka ce shi ma yana ɗauke da harafin, nasa ba zai yi wa yaron ba. Adiza ta fita a guje ba takalmi. A layin mahauta ta durƙusa tana roƙon wanda zai ba ɗanta jini, murya ta dushe. Nashiru mahauci ya ajiye wuƙa, ya wanke hannu, ya bi ta.

Da la'asar, bayan an ƙara masa jinin Nashiru, Yazeed ya buɗe ido ya nemi ruwa. Likita ta ce ya tsallake, amma ciwon zai dawo. Adiza ta gyaɗa kai, ta ci gaba da matsa masa ƙafa.