Kunkuru a Kabad, Talotalo a Firji

Desmond Ackroyd ne ya tashi kunkurun surukarsa daga barci, kuma ba komai ya sa shi ba sai ciki. Ko ya kawo uzuri ɗari, maganar ke nan. Shi ya sa da safiyar ashirin da uku ga Disamba yake tsaye a saman bene cikin rigar barci, ya kara kunne a ƙofar kabad ɗin tukunyar ruwan zafi, inda ake ajiye tawul ya bushe, yana jin ana karce kwali daga ciki. A karce, a huta, a sake karcewa.

Sunan kunkurun Horace. Mahaifin surukar tasa, Muriel Thwaite, ne ya saya mata shi a kasuwar Barnsley tana 'yar shekara tara, yanzu kuwa tana da tamanin da ɗaya. Ya ga aurenta, ya ga haihuwar Glenys matar Desmond, ya ga ranar da aka binne maigidanta. Duk shekara in Nuwamba ta gabato sai ta hana shi abinci har cikinsa ya zama wayam, ta riƙa yi masa wanka yana shan ruwa ya ƙoshi, sannan ta sa shi a kwali cike da yagaggun jaridu, ta saka a ɗan firjinsa da ke gareji, wanda awon sanyinsa ba ya wuce digiri biyar, ba ya gazawa. Nan yake dogon barcin da kunkuru ke yi da hunturu a ƙasashen sanyi, sai Maris. Shekara saba'in da biyu ba a taɓa samun kuskure ba.

Bana Muriel ta zame a ƙanƙara ta karye a ƙugu. Kafin motar asibiti ta ɗauke ta, aiki ɗaya ta bar wa Desmond: kullum ya buɗe ƙofar firjin na minti guda iska ta shiga, ya rufe. Mutum mai shekara hamsin da takwas, wanda ya yi shekara talatin a ofishin ƙaramar hukuma yana koya wa jama'a bin ƙa'ida, aka ba shi buɗe ƙofa da rufewa, ya kasa.

Talotalon Kirsimeti ne ya shiga tsakani. Ya gan shi rataye a wajen mahauci, kilo goma sha ɗaya, ga gida mai mutum uku, ɗaya ma da haƙoran roba take ci. Amma bara Trevor, wan Glenys, ya gasa mai kilo tara, ya yi wata uku yana ba da labari. Desmond ya saya, ya kinkimo shi har gida, firjin kicin ya ce bai san zancen ba. Sai ya tsaya a gareji ya yi tunani irin na masu ilimi. Wanda ke barci ai bai san inda yake kwance ba. Kuma wace dabba ce za ta zaɓi sanyi a kan ɗumi? Ya fitar da kwalin, ya hau da shi sama, ya cusa bayan tawul, ya sa talotalo a gurbinsa. Har yabon kansa ya yi, wai ya ji ƙan dabba. Kwana huɗu ke nan.

Ya buɗe kwalin. Horace ya miƙo wuya, ya zuba masa ido biyu tarwai. Jaridun da ke ƙarƙashinsa sun jiƙe sharkaf.

Glenys ta riga ta tafi kantin da take aiki, sun yi da ita za su haɗu a asibiti ƙarfe biyu, lokacin duba marasa lafiya. Desmond ya sa kwalin a babbar jakar cefane, ya rufa tawul, ya hau bas zuwa wajen likitan dabbobi. Wani tsoho da ke kujerar gefe ya daɗe yana kallon jakar tana motsi, can ya tambaye shi ko abincin Kirsimetin ne bai gama mutuwa ba. Desmond ya juya yana kallon taga.

Dakta Hepworth mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta ɗora Horace a sikeli, ta duba idonsa da bakinsa, ta tambayi yadda aka yi. Desmond ya ce haka kawai ya farka, tsufa ne wataƙila.

"A cikin firji ya farka?"

"A cikin firji."

Ta sunkuya ta shinshina kwalin. "Firjin naku na da kirki, Mista Ackroyd. Har da sabulun wanki yake ƙamshi."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta yi masa bayani kamar mai karanta wa yaro allo. Ruwan da Horace ya tara a cikinsa shi ne guzurinsa na wata huɗu, ga shi ya zubar a jarida. Jikinsa ya ɗumama, ya fara cin kitsen da ya ajiye. Barcin bana ya ƙare. Abin da ya rage shi ne a riƙe shi a farke har bazara ta shigo: fitila mai zafi awa goma sha biyu kullum, wanka da ruwan ɗumi kowace safiya, ɗanyen ganye, da ɗaki wanda ba ya hucewa. Ta rubuta duka a takarda ta miƙa masa.

Desmond ya linke takardar gida huɗu, ya yi gyaran murya. "To a ce wani mutum, ba ni ba, ya mayar da shi firjin a hankali?"

"Sai wani mutumin, ba kai ba, ya buɗe kwali a Maris ya tarar da ƙwaryar bayansa, ba rai."

"Za a gane dalili?"

Ta cire tabarau ta dube shi har ya fara gyara hularsa. "Ba za a gane ba. Tsofaffinsu sukan mutu a barci. Kai kaɗai za ka sani. Na ga alama kuma ba zai hana ka cin abinci ba."

A tashar bas ya tsaya cikin yayyafi yana auna abin. In ya faɗi gaskiya, Glenys za ta ji, Muriel za ta ji, Trevor zai ji, wanda ya fi komai ciwo. Ga wata huɗu na yi wa dabba bauta. In kuwa ya yi shiru, Maris da nisa. Tsohuwa za ta yi kuka kwana biyu, shi ma zai taya ta, har ya haƙa ramin a bayan gida da hannunsa, a ce Desmond mutumin kirki ne. Talotalon kuma sai ya zauna a kan tebur a gareji, inda sanyi ke yanka kunne. Sai a lokacin ya lura ashe tun farko ma nan ya kamata ya ajiye shi. Hankali irin nasa ba ya zuwa sai an tashi kasuwa.

Ya yanke shawara zai mayar da Horace firji. Bas ce ta ɓata masa tsari. Ba ta zo ba sai biyu saura kwata, ga Glenys ta kira sau uku tana tambayar inda ya maƙale. Babu halin biyawa gida. Ya ce a ransa rabin awa ce kawai, a gaisa, a ci inabi, a fito.

Ɗakin tsofaffin mata a hawa na uku yake, gado shida, an kunna ɗumi kamar za a gasa burodi. Muriel na zaune an tokare ta da matasai, ta rame, amma idonta na nan yadda yake. Glenys na gefenta tana ɓare lemo. Desmond ya tura jakar can ƙarƙashin kujera, ya zauna, ya tare da ƙafafunsa.

"Mama, ya jiki?"

"Jiki na nan inda ka bar shi. Ka buɗe masa ƙofa yau?"

"Na buɗe, Mama."

"Yana barci?"

"Ko motsi ba ya yi."

Ta gyaɗa kai, ta koma ba Glenys labarin abincin asibiti, wai miyar jiya da ta shekaranjiya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta ce likita ya yarda ta koma gida ranar Kirsimeti. Ta ce abin da ke riƙe ta a wannan gadon shi ne Maris, ta ga ta fito da Horace ta wanke masa ido da ruwan ɗumi kamar kullum, bayan nan Allah ya yi yadda ya so. Desmond ya ce ai sai ta ga Maris goma. Ya faɗe shi da murya mai daɗi, ya miƙa hannu ya ɗauki inabi.

Shi kuwa Horace, rabonsa da ɗumi irin wannan tun Agusta. Jakar ta karkata, ta faɗi. Desmond ya ji tawul na zamewa a bayan dugadugansa, ya matse ƙafa, ya ɗaga murya yana zancen tsadar mai. Muriel ta ɗaga hannu ɗaya.

"Yi shiru."

Ta shekara saba'in tana jin wannan farcen a kan daɓe, ba ta bukatar gani. Horace ya fito ta gefen kujera, da guntun jarida manne a bayansa, ya kama hanya a tsakiyar ɗakin. Ba ya sauri. Desmond ya samu lokacin da zai kama shi sau goma, amma tsofaffi biyar sun riga sun tashi zaune, ɗaya har ta sa tabarau. Haka aka zuba ido har ya isa ƙafar gadon Muriel.

Glenys ta ɗauko shi ta ɗora a kan bargo. Muriel ta riƙe shi a tafin hannu biyu tana jin nauyinsa, ta shafa wuyansa da ɗan yatsa. Ta ɗago ta dubi Desmond.

"Ya yi fitsari?"

"Ya ɗan yi, Mama."

"Ɗan." Ta maimaita kalmar kamar ta tsinci gashi a miya. "Daga nan ina za ka kai shi?"

"Gida."

"Gida ina?"

Desmond ya dubi Glenys, ya dubi ƙasa, ya dubi agogon bango.

"Firji," in ji Muriel. "Za ka mayar min da shi firji, ka zo ka taya ni kuka a Maris. Har inabina kana ci."

Glenys ta ajiye lemon. Ta zo ta sa hannu a aljihun kwat ɗinsa ba tare da neman izini ba, ta zaro takardar likita, ta warware, ta karanta har ƙasa. Sannan ta tambaye shi a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa, me ke cikin firjin yanzu.

"Talotalo."

"Kilo nawa, Des?"

"Sha ɗaya."

Tsohuwar gadon taga ta ce a zamaninta an saki maza a kan abin da bai kai wannan ba. Nas ta shigo da gudu tana cewa ba a shigowa da dabbobi nan. Muriel ta nuna Desmond ta ce mata gaskiya ne, a fitar da shi, amma a bar mata kunkurun minti biyar.

A cikin minti biyar ɗin aka yanke hukunci, Desmond na tsaye a baranda riƙe da jaka ba komai ciki.

Ɗan ɗakinsa na sama, inda yake kallon ƙwallo, shi ya fi ko'ina ɗumi a gidan. A yammacin ranar aka fitar da kujerarsa da talabijin zuwa gareji, aka kafa fitila. Ƙarfe bakwai na kowace safiya Desmond zai durƙusa gaban roba da ruwan ɗumi, ya riƙe Horace minti ashirin, ya yanka masa ganye, har ƙarshen Afrilu, Muriel na jin motsinsa daga ƙasa. Talotalon an kai wa Trevor, ya gasa, yana nan yana ba da labari.

Bayan sabuwar shekara Muriel ta sa aka kira lauya, ta rubuta cewa in ta mutu Horace na Desmond ne, shi kaɗai, ba sayarwa, ba kyauta. Dakta Hepworth ta ce in an kula da shi, zai iya ƙara shekara arba'in.