Jerome Ya Dawo Daga Teku

Jerome ya dawo Pantami da jaka ɗaya a kafaɗa, wandonsa na zamewa daga ƙugu. A ɗakin inji yake aiki, a wani jirgin ruwan dakon kaya. Suna cikin tafiya kamfanin ya karye, aka bar jirgin tsaye nesa da gaɓa, aka kuma hana ma'aikatan sauka. Da abinci ya ƙare suka koma jefa ƙugiya. Watanni suna cin dafaffen kifi, ba mai ba yaji, kafin ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa ta yi faɗi-tashi aka dawo da su gida.

Mahaifiyarsa, Mama Christy, ba ta san wannan ba, don duk sanda ya samu kira "lafiya lau" yake ce mata. Ita kuwa ta gama shaida wa mutanen coci ɗanta yana ƙasar waje. Ta aika har Dadin Kowa aka sayo tarwaɗa, ta cika tukunya da farfesu.

"Na san ka saba da kifi," ta ce. "Tuwonmu ba zai shige ka yanzu ba."

Ya daure ya ci, don tana tsaye a kansa. Ƙannensa na gefe da tuwon masara miyar kuka, yana bin su da ido.

Washegari maƙwabcinsu Malam Rufa'i ya shigo da ɗansa Usaini, yana roƙon a samar wa yaron aikin jirgi.

"Baba, bari ka ji yadda abin yake," in ji Jerome, ya kwashe komai ya faɗa masa.

Malam Rufa'i ya saurara yana gyaɗa kai. Yana fita ya gaya wa mutanen layi cewa Jerome ya yi watanni yana hutawa a kan ruwa, amma yana yi wa yaro baƙin ciki.

Usaini ya nemo wani dillali a Legas da kansa. Ranar tafiyarsa Jerome ya bi shi tasha, ya karɓi wayarsa ya sa masa lambar ƙungiyar da ta dawo da su gida.

"Yaya, wannan ta masu ɗaukar aiki ce?" Usaini ya tambaya.

Jerome ya san idan ya faɗi gaskiya, kafin motar ta bar Gombe an goge lambar.

"Manya ne a harkar," ya ce. "Kada ka ba kowa."

Usaini ya yi ta godiya, har da cewa a yafe wa babansa.