Allon da Ya Ƙi Tawada

Shekara arba'in da 'yan kai Malam Sirajuddeen ya yi yana zayyanar allunan sauka a Gwandu, kuma bai taɓa ɗora alƙalami a allon wanda bai sauke Alƙur'ani mai girma ba. Sai malamin ɗalibi ya tako da ƙafarsa ya shaida cewa izu sittin sun cika, sa'annan ya yi alwala, ya dama tawada da ƙaro, ya duƙufa kwana tara a kan allo guda. Haka ya tarar da mahaifinsa yana yi, Allah Ya jiƙansa.

Wata Asabar ɗan ƙanensa Abdulrasheed, wanda ya koyi riƙon alƙalami a zaurensa kafin ya koma birni, ya aiko mota ta kai shi Kalgo. Ana baje kolin kayan sana'ar hannu, yana so Baffa ya zo ya sa wa rumfarsa albarka. Malam ya saka kurtun tawada da alƙalami a aljihu, yana zaton za a nemi ya nuna wa mutane yadda ake jan layi.

Da farko abin ya yi masa daɗi. Ya tsaya wurin matan Wurogauri ya juya faifai yana duba saƙar, ya ƙwanƙwasa tulu ya ji amonsa, ya yi wa mai shi addu'a. Sai ya iso rumfar Abdulrasheed, addu'ar ta tsaya masa a baki.

Alluna ne sun fi hamsin, wasu rataye, wasu jingine a ƙasa inda takalma ke wucewa. Zanensa ne a jikinsu, kusurwa da kusurwa, har da ɗan lanƙwasar da mahaifinsa ke yi a wuyan allo. Amma duk iri ɗaya suke, suna sheƙi kamar jikin mota, tsakiyarsu fayau babu aya.

"Abdu, su wane ne suka sauke haka?"

Abdulrasheed ya yi dariya, ya durƙusa ya gaishe shi. "Baffa ke nan! Ado ne na falo. Na sa an huda zanenka a roba, fesa fenti kawai muke. Talatin a wuni, Baffa! Sunanka ma nake faɗa wa mutane."

Wata ma'aikaciya ta ɗaga biyu tana gwadawa. "Babu mai ruwan toka? Jan nan ba zai shiga da labulena ba."

Malam ya nemi benci ya zauna. Rabi ce ta faɗo masa, autarsa. Izu biyu suka rage mata ciwo ya kwantar da ita. Ta roƙe shi ya fara mata allon ko da layin gefe ne, ta riƙa kallo daga shimfiɗa. Ya ce ta yi haƙuri ta tashi ta ƙarasa. Allah bai nufa ta tashi ba. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, domin amana ce ya tsare. Yau ga amanar a ƙasa, ana zaɓenta da launin labule.

Yana nan zaune wani manomi ya yi sallama, tafin hannunsa duk kanta. Ya ce sunansa Muhammad Sani, daga Dangoma. Ɗiyarsa Halima Sadiya ce ta sauke, allo yake nema.

Malam ya miƙe kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. "Ta sauke? Izu sittin? Alhamdu lillahi! Allah Ya sanya albarka, Ya sa ta cece ku. Ka zo da malaminta Gwandu gobe. Ina da itacen aduwa da na ajiye ya bushe. Kwana tara, in Allah Ya yarda."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Allah gafarta Malam, walimar jibi ce. An riga an faɗa wa dangi."

"A ɗaga ta. Yarinyar nan shekara nawa ta yi tana wahala?"

"Bakwai, Malam. To amma wanga ma ai ya yi kyau." Ya nuna wani mai kore. "Ya ma fi na da haske."

Abdulrasheed ya sauko masa da shi yana kauce wa idon Baffansa.

"To ku ba ni shi," in ji Malam. "Mai sauka ba ta riƙe allo wofi. Bari in rubuta mata ayoyin da za ta karanta gaban jama'a."

Ya nemi buta ya yi alwala a bayan rumfa. Ya dawo ya ɗora allon a cinya, ya yi bisimilla, ya tsoma alƙalami, ya ja harafin farko. Tawadar ta dunƙule ta zama ɗigo, ta gangara. Ya goge da gefen rawaninsa ya sake. Ta sake gangarowa. Man sheƙin da aka shafa ya toshe katakon, babu inda tawada za ta kama. Sau huɗu yana gwadawa, mutane sun fara taruwa, wani ya ɗaga waya yana ɗauka.

Muhammad Sani ya sunkuyo cikin ladabi ya zare allon daga cinyarsa, ya share ɗigon da babban yatsa.

"Kada ka wahalar da kanka, Malam. A waya za ta karanta. Wanga hoto kawai za a yi da shi."

Ya yi godiya, ya saƙale allon a hammata, ya nufi rumfar masu tabarmi.