Masoron Mista Lin

Muttaka direba ne a wani kamfanin gine-gine a Doha, amma a ɗakinsu na haya a unguwar Fereej Abdel Aziz shi ne sarkin tukunya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, farfesunsa ake jira. Ya sha bugun ƙirji cewa ba a yi kayan yajin da zai ba shi mamaki ba.

A wannan makon masoron da ya taho da shi daga Funtuwa ya ƙare. Ya yi ƙorafi a mota, Mista Lin, injiniya ɗan ƙasar Sin da yake tuƙawa, ya ji. Washegari ya miƙo masa leda cike da wasu 'ya'ya jajaye, kowanne ya tsage baki. Ya yi dogon bayanin da Muttaka bai gane ba, yana haɗa yatsu biyu yana nuna ɗan tsirit. Muttaka ya ɗauka haƙuri yake ba shi don kyautar ba yawa, ya ce ba komai, an gode.

Ranar Juma'a ya ɗora kan rago, ya watsa 'ya'yan cikin tafi guda. Ƙamshi ya tashi kamar na ɓawon lemun tsami. Ya ɗanɗana, ya ji yajin bai kama ba, ya ƙara. Ya sake ɗanɗanawa, yanzu har gishirin ya ɓace. Ya ƙara duka biyun. Harshensa ya fara zirrr kamar wayar da aka kashe wa ƙara, amma ya ce a ransa ƙonewa ya yi da romo.

Baba Gado, mai gadin wani kanti kuma dattijon ɗakin, shi ya fara sa hannu. Dama yana shan maganin hawan jini. Bayan 'yan lomomi ya ajiye ƙashi a hankali, ya shafa bakinsa.

"Muttaka, duba mini. Leɓena yana nan?"

Aka tabbatar masa yana nan. Ya ce to shi ba ya jin sa, kuma haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya fara wa yayansa. Ya miƙe a katifa ya fuskanci alƙibla, ya sa aka kira masa matarsa Habiba a Gusau, ya soma neman gafararta. Zulkiflu, abokin aikin Muttaka, ya kurɓi ruwa ya ce ruwan ma ya lalace, kamar ya lashi batir. Ya fita ba takalmi ya kira Jesse, nas ɗan Jos da ke zaune a saman bene.

Muttaka ya tsaya jikin ƙofa da ludayi a hannu. Ya san inda gizo ke saƙa, amma girman kai ya hana shi buɗe baki, ga shi bakin ma ba ya hannunsa.

Jesse ya sa Baba Gado ya ɗaga hannuwa, ya sa shi ya yi murmushi, sannan ya auna jininsa. Komai lafiya lau. Ya tambaya ko akwai wani mai jin haka, Zulkiflu ya ɗaga hannu. Sai Jesse ya leƙa tukunya, ya ga 'ya'yan suna yawo a saman romo kamar an zubar da buhu, ya zauna a ƙasa yana dariya. Ya ce ya taɓa cin sa a gidan abincin 'yan Sin, ɗan'uwan fasaƙwari ne da tsofaffi ke taunawa don ciwon haƙori, kuma anjima kaɗan zai saki.

"Kai fa, mai girki, ba ka ji komai ba?"

Muttaka ya gyara tsayuwa ya ce shi ko kaɗan. Yana faɗa, miyau ya zubo masa a gaban jallabiya bai sani ba.

Duk wannan Habiba na kan waya tana kuka. Baba Gado ya tashi zaune, da ƙyar ya haɗa kalmomin da zai gaya mata cewa farfesu ne. Sai ta ce a ba ta Muttaka. Ya karɓa yana jiran faɗa.

"Ɗan nan," in ji ta, "tun da na auri Malam ban taɓa jin ya ce in yafe masa ba sai yau. In za ku zo hutu, ka taho mini da mudu guda."

Baba Gado ya ce a kashe wayar haka nan. Jesse ya tsame 'ya'yan da matsami, ya ƙara ruwan zafi, aka dafa farar shinkafa, suka zauna suka cinye kan ragon ba mai iya magana.