Goggo da Adafta Mai Ƙaho Biyu

Tun da Husna ta haihu a Kandi, can cikin ƙasar Benin, Gidaɗo bai ƙara shan ruwa da daɗi a Bagudo ba. Goggo Batulu, uwar Husna, wadda ta riƙe shi tun yana tatata, ta kafe sai ta ga jikanta. Idonta ba ya gani a waya, don haka ya kakkaɓe tsohuwar kwamfutarsa ta cinya, ya roƙi wayifai, wato intanet, na Bunyaminu mai kemis da ke bayan katanga.

Kwamfutar kuwa ta girmi auren Husna. Aka kira Husna ta bidiyo, jariri ya fito da baki buɗe, hoto ya daskare. Goggo ta zuba ido har shayinta ya huce.

"Yaron ga ba ya motsi," in ji ta. "Mi kuka ɓoye mani?"

Gidaɗo ya yi rantsuwa har ya gaji cewa laifin na'ura ne. Ta ce jibi za ta hau babur zuwa Kandi, ga damina, ga gwiwar da ko masallacin unguwa ba ta kai ta. Nan hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya san in ta faɗi a hanya shi dangi za su cinye ɗanye.

Washegari ya sa aka kawo masa adafta mai jawo wayifai daga Birnin Kebbi, 'yar mitsitsiya mai ƙaho biyu. Ya fara yi mata bayanin cewa hanya biyu take kamawa, mai nisa da mai sauri. Goggo ta katse shi, ta ce ai ta gane, ƙaho ɗaya na Najeriya ne, ɗaya na Benin. Da hannunta ta lanƙwasa na Benin yamma, ta tofa masa addu'a, ta hana kowa taɓawa.

Sai dai hanyar mai sauri ba ta ratsa katangar laka. Aka yi ta yawo da kwamfuta a tsakar gida, Goggo na biye tana gadin ƙahonta, har aka dace a bakin garken awaki. Nan aka shimfiɗa mata tabarma.

Hoto ya fito tar. Jariri ya harba ƙafa, ya yi atishawa, ya tsula wa ubansa fitsari a riga. Goggo ta yi dariya har awaki suka firgita, Gidaɗo ya sauke ajiyar zuciya, ya ce a ransa tafiya ta fasu.

Sai ya ga ta kai hannu tana shafa gilashin, hawaye na bin kuncinta.

"Na gan shi, Gidaɗo, Allah shi yi maka albarka. Amma abin ga bai iya miƙo mani shi in ji ɗuminai."

Gidaɗo ya rufe kwamfutar a hankali. Ya shiga ɗaki ya ɗauko matashin kansa, ya fara ɗaure shi a bayan babur.